HANYAR SAWAKIN

Shafi na 19

Masu turo mini saƙo tun shekaranjiya cewa na bar ku a tsaye, ku yi haƙuri, unguwarmu ce ba wuta, waya a mace. Wannan shafin na Maman Ammatullahi ne, da ta rantse ba za ta ɗora tukunya ba sai ta karanta. To ga shi, a taimaka a ɗora wa yara abinci.

*

Ƙarfe biyu da 'yan mintoci Rahmat ta sauka daga keke a Bulumkutu, allin makaranta bai gama fita daga yatsunta ba. Daga aji ta taho kai tsaye, don Baba Dzarma bai taɓa kiranta sau uku a jere ba sai yau.

Tsohon direba ne, mutumin Askira, abokin mahaifinta tun suna samari. Shi ne na uku a tafiyar nan da duk unguwarsu Gwange ta haddace labarinta. Shekara talatin da ɗaya ke nan, shi da mahaifinta Ba'ana da ƙanin mahaifinta Mikail suka fita daga Maiduguri a wata tsohuwar Landiroba, wai sai sun ratsa Chadi da Sudan har bakin teku. Mutum uku suka tafi, biyu suka dawo. Watan Rahmat bakwai a duniya lokacin.

Matarsa Ketura ce ta buɗe mata ƙofa.

"Sannu da zuwa 'yata. Wuce, yana baya. Tun jiya da rana ko kunu ya ƙi sha."

"Jikin ne, Mama?"

"Da jikin ne ai da na san maganinsa. Je ki dai."

A gindin darbejiya ta same shi kan benci, da wata tsohuwar taswira a cinyarsa, duk an lilliƙe ta da salatif. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa bai ɗago ba.

"Baba ka tayar mini da hankali. Lafiya?"

"Jawo kujera."

Ta jawo ta zauna.

"Rahmat, me Mikail ya gaya miki game da rasuwar babanki?"

Tambayar ta ba ta mamaki har ta ɗan murmusa.

"Abin da yake gaya wa kowa duk Sallah mana. Bayan kun wuce Nyala zazzaɓi ya kama shi, ya yi kwana uku yana fama, ya cika, kuka binne shi a gindin wata kuka. Ai kai ma kana wurin."

"Ina wurin. Kin taɓa jin na ba da labarin nan da bakina?"

Ta tuna baya. Gaskiya ne. Duk shekara in Baba Mikail ya kawo daidai wurin nan, sai Baba Dzarma ya ce bari ya duba ko ya kulle mota, ya fice.

"Babu zazzaɓi," ya ce. "Babu kabari. Ba mu binne kowa ba."

Jakar da ke cinyarta ta zame ta faɗi. Ba ta ɗauka ba.

"Ban gane ba."

"Za ki gane. Ki bar ni in ɗauko daga farko, don in na tsallake wani wuri ba zan iya komawa ba."

Ya gyara taswirar, ya ɗora yatsa a gefen hagu.

"Kada a yi miki ƙarya, ba aikin Hajji ne ya fitar da mu ba. Ƙuruciya ce. Kakanku ya taɓa yin tafiyar da ƙafa, shekara huɗu zuwa da dawowa, kullum yana ba su labarin Sawakin, garin da ƙasa ta ƙare ruwa ya fara. Babanki ya ce shi ma sai ya gani da idonsa. Ni kuwa ruwan da ya fi na dam ɗin Alau girma ban taɓa gani ba. Muka samo motar nan a wurin 'yan gwangwan, muka yi wata takwas muna haɗa ta. Muka sa mata suna Haƙuri."

"Na san wannan, Baba."

"Kin san na Mikail. Saurari nawa."

Ta gyara zama, ya ci gaba.

"Gamboru, Kusuri, Injamena. Daga nan kwalta ta yi mana sallama. Kwana goma sha biyu muka yi kafin Abashe. Yashi ya riƙe mota, mu tone, mu shimfiɗa ƙarfe a ƙarƙashin taya, mu tura, ta yi taku ashirin ta sake nutsewa. Da muka tsallaka iyaka a Adire muka shiga Sudan, ni na ɗauka mun kusa. Wani mai shayi a Jinaina ya tambaye mu ina muka dosa, muka ce teku. Ya yi dariya har shayin ya zube, ya ce yanzu kuka shigo zaure, cikin gida yana gaba."

Yatsansa ya matsa kaɗan a kan takardar.

"Nan, kusa da Zalinje, wani rafi ya kawo ruwa ya tsare mu kwana shida, mu da manyan motoci sun fi arba'in. Babanki ne ya riƙa dafa wa mutane wake. Larabcin Shuwa da ya iya ya cece mu, kafin mu bar wurin duk direbobin nan sun san sunansa. Kuma kin san wani abu? Duk ranar Lahadi, ko a tsakiyar daji muke, shi yake miƙa hannu ya kashe mota da kansa. Ya ce Dzarma je ka yi addu'arka, mu ma ka sa mu a ciki."

Ya yi gyaran murya ya ci gaba.

"Kwananmu talatin da takwas da fita, muka kwana a wani ƙauye kafin garin Nahud. Ƙasar nan ta Kurdufan kukoki ne ko'ina, manya-manya, mutanen wurin suna fafe cikinsu su tara ruwan damina. Da safe Mikail ya dame ni sai na ba shi mota. Shekararsa goma sha tara, ba shi da lasin, a hanya nake koya masa. Babanki ya ce a'a. Ni na ce haba Ba'ana, fili ne fetal, me zai buge? Ni na faɗi haka. Da bakin nan nawa."

Rahmat ta matso da kujerarta.

"Gabas muka dosa, rana tana fitowa, tana cikin idonmu. Wani dattijo ya ɓullo daga bayan kuka a kan jaki, da salkar ruwa biyu. Na yi ihu na ce birki. Mikail ya taka totur."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Kafin mu sauko ya cika."

Ketura da ta kawo ruwa a kofi ta ajiye a ƙasa, ta koma ciki.

"Mutanen ƙauye suka taho a guje. Kafin su iso, babanki ya finciko Mikail daga kujerar direba ya tura shi baya, ya zare makulli ya riƙe a hannunsa. Ya dube mu ya ce da Hausa, duk wanda ya buɗe baki a cikinku ban yafe masa ba."

"Ya ce shi ne yake tuƙi?"

"Ya ce shi ne. A gaban 'yan sanda ya ce shi ne, a gaban alƙali ya ce shi ne. Dattijon kuwa mahaifin wani babban mutum ne a garin, 'ya'yansa suka ce ba su yafe ba. Ga mu baƙi, takardun motar ma ba su cika ba. Aka yanke masa shekara bakwai."

"Kuka baro shi a kurkuku kuka dawo gida?"

"Da haka muka yi da da sauƙi."

Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga.

"Mun je mun gan shi kafin mu tafi. Ya ce ku ƙarasa. Ya ce ba za ku sha wahalar kwana arba'in ku juya ba ku ga tekun nan ba. Ku gano mini shi, in kun dawo ku biyo ku ba ni labari, sannan ku je gida ku gaya wa matata Hajja gaskiya. In ta jira ni to, in ta nemi takardarta ban ga laifinta ba."

"Kuma kuka tafi."

"Muka tafi. Ubayyid, Kosti, muka haye gadar Nilu. A Mai Wurno muka tarar da Hausawa gari guda, suka yi mana tuwo da miyar kuka kamar muna Gwange. Gadarif, Kassala da duwatsunta, sannan Sawakin. Kwana ashirin da uku."

"Kun ga tekun?"

Ita kanta ba ta san abin da ya sa ta yi tambayar ba.

"Mun gani. Ruwa ne dai, Rahmat. Mikail ya zauna a bakinsa tun hantsi har la'asar, ko ƙafa bai tsoma ba. Washegari muka juyo."

Ya ninke taswirar biyu.

"Da muka dawo Nahud aka ce an kwashe su. Wannan ya ce Ubayyid, wancan ya ce kudu. Wata guda muna zagayen gidajen yari. A ƙarshe wani gandiroba ya ce amai da gudawa ta shiga cikin waɗanda aka kwashe, yana jin har da baƙon nan ɗan Najeriya. Yana jin. Ba takarda, ba gawa. Izinin zamanmu ya ƙare, aka rako mu iyaka."

"To zazzaɓin fa? Kukar fa?"

"A Gamboru aka haife su. Saura 'yan awoyi mu shigo gari Mikail ya ce in tsaya. Ya durƙusa a bakin titi ya riƙe ƙafata. Ya ce in kakarku ta ji shi ya kashe mutum, kuma ya bar ɗanta na fari a ɗaure, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ya ce tunda an ce ya mutu, mu ba shi mutuwa mai mutunci. Na yarda. Kuma kada ki ɗauka don shi kaɗai na yarda. Ni na miƙa masa makullin nan, kaina nake rufa wa asiri."

Rahmat ta sunkuya ta ɗauki jakarta, ta kakkaɓe ƙasar da ta taɓa ta. Ta ɗago ta dube shi.

"Shekara talatin da ɗaya kana cin tuwon Sallah a gidanmu, Baba. Me ya sa sai yau?"

Ya zaro waya daga aljihu.

"Kin san Othniel yana aiki da ƙungiyar agaji a Chadi."

Ta sani. Othniel babban ɗansa ne, ma'aikacin jinya, tun da yaƙin Sudan ya ɓarke aka tura shi sansanin 'yan gudun hijira da ke Adire.

Ya danna saƙon murya. Hayaniya ta fara fitowa, kukan yara da ƙarar janareta, sannan muryar Othniel.

"Baba ina wuni. Akwai wani tsoho a nan layin karɓar magani, cikin waɗanda suka tsallako wancan makon. Ya ji ina Hausa a waya ya riƙe mini riga. Ya ce daga ina, na ce Maiduguri. Ya ce wace unguwa, na ce Bulumkutu. Sai ya ce ko na san wani Dzarma direba. Baba, ga shi, ka ji da kanka."

Sai wata murya ta shigo, a dishe, Hausarta duk ta juye da Larabci, ta fara da gaisuwar Barebari.

"Wushe, Dzarma. Ni ne. Kun ga tekun kuwa? Ba ku dawo kun ba ni labari ba."

Saƙon ya ƙare.

"Ƙila wani ne," in ji Rahmat. "Ƙila ya ji labarin a wani wuri."

"Muryar ta tsufa, amma na yi kwana talatin da takwas a mota ɗaya da ita. Ga hoto."

Ta karɓi wayar. Wani tsoho ne siriri zaune a kan jarka, da farin gemu, rawani ya yi datti. Ya ɗan buɗe baki kamar mai shirin magana. Wushiryar da ke bakinsa ita ce take gani a madubi kowace safiya.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe.

"Sa takalminka, Baba."

"Ina za mu?"

"Gwange. A gabanka zai maimaita mini labarin kukar nan."

*

An idar da la'asar suka isa. Baba Mikail yana zaure a kan darduma, da carbi a hannu, baƙin man inji bai gama barin faratansa ba. Shi ya riƙe Rahmat tun tana rarrafe, shi ya kai ta makaranta, shi ya ba da aurenta. Ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai Baba. Daga cikin gida ƙamshi yana fitowa, mahaifiyarta Hajja tana haɗa turaren wutar da take sayarwa.

Ya ga Rahmat ya faɗaɗa fara'a.

"A'a, Malama ce da kanta ranar aiki? Ina jikokina?"

Sai ya ga Dzarma a bayanta. Ya dubi fuskar abokin yayansa sau ɗaya, carbin ya tsaya.

"Na gaya mata, Mikail," in ji Dzarma.

"Ka gaya mata me?"

"Duka."

Rahmat ba ta zauna ba. Ba ta kuma durƙusa ta gaishe shi ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ta yi wayo.

"Baba, kukar nan da kuka binne mahaifina a gindinta, hagu take da hanya ko dama?"

"Rahmat..."

"Duk Sallah kana cewa dama. Ka ce kun jera duwatsu bakwai a kai don kada kura ta tone. Ka ce wani makiyayi ya ba da rawaninsa aka yi likkafani. Ina ƙarama har zana makiyayin nan na yi a littafina."

Ya sunkuyar da kai.

"Akwai makiyayin?"

"Babu."

"Duwatsun fa?"

"Babu."

"Wa yake tuƙi?"

Ya ɗago. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma hawaye bai zubo ba.

"Ni ne."

Sai yanzu wani abu ya faɗo mata. Shekara da shekaru yana gyara motocin mutane, ya haɗa inji ya tayar, amma in za a gwada sai ya kira mai motar ya ce zagaya ka dawo.

"Shi ya sa ba ka tuƙi. Ka ce mana idonka ne."

"Idona lafiya lau. In na kama sitiyari jakin nan nake gani."

"Hajja ta yi takaba, Baba. Wata huɗu da kwana goma. Kana cikin gidan nan kana kallonta."

"Ina kallonta."

"Kaka ta rasu tana yi masa addu'ar samun rahamar kabari. Ni duk Juma'a sai na yi masa sadaka. Har 'ya'yana na koya wa."

"Na ɗauka ya mutu! Wallahi tallahi na ɗauka ya mutu. Gandiroban ya ce..."

"Ya ce yana jin."

Mikail ya juya wajen Dzarma.

"Har wannan ka gaya mata?"

"Na ce maka duka."

Ya ajiye carbin a kan darduma, ya dafe gwiwoyinsa.

"To akwai wanda kai ma ba ka sani ba. Na koma. Sau biyu na koma. Lokacin da nake cewa na tafi Injamena sayo kayan gyara in yi wata biyu, can nake zuwa. Na je Nahud, na je Ubayyid, har Kosti na sake zuwa. Na farko aka ce littafin sunaye ya ƙone. Na biyu wani ya nuna mini wani fili a bayan gidan yari, ya ce duk nan aka zuba su. Na tsaya a filin nan na yi masa addu'a. Me kuke so in zo in ce? In ce na yi ƙarya, kuma gaskiyar ma ban san inda take ba?"

"Ka ce ka yi ƙarya. Da mun nema tare."

"Da kin tsane ni."

"Da na tsane ka ina shekara goma na huce. Yanzu ban san yadda zan yi da kai ba."

Maganar ta doke shi fiye da zagi.

Dzarma ya tsugunna a gabansa da ƙyar, saboda gwiwa, ya miƙa masa wayar.

"Ba don in tona maka asiri na yi magana ba. Duba nan."

Mikail ya karɓa. Ya nisanta wayar daga fuskarsa, ya matso da ita. Ya sa babban yatsa ya shafa gilashin kamar mai share ƙura.

"Wane ne wannan?"

"Ka san ko wane ne."

"Dzarma kada ka yi mini haka."

"Jiya Othniel ya ɗauka. A Adire."

Dzarma ya danna saƙon. Muryar ta sake fitowa, ta cika ɗan zauren.

"Wushe, Dzarma. Ni ne. Kun ga tekun kuwa?"

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Mikail wanda Rahmat ba ta taɓa ji daga bakin babban mutum ba. Ya kifa goshinsa a kan darduma, wayar tana hannunsa.

"Ya Ba'ana. Ya Ba'ana. Allahu Akbar. Ya Ba'ana."

Ta tsaya tana kallonsa. Rabin zuciyarta yana so ta dafa kafaɗarsa, rabin ya hana ƙafarta motsi.

Da ya ɗago, gemunsa a jiƙe, ya ce, "Gobe zan tafi. Da asuba zan kama hanyar Gamboru."

"Ni zan tafi," in ji Rahmat.

"Hanyar nan ba ta mace ba ce, ba ki san..."

"Zan gaya wa maigidana yau, zan nemi hutu a makaranta. Baba Dzarma zai raka ni in gwiwarsa ta yarda."

"Ko ba ta yarda ba," in ji Dzarma.

"To mu tafi mu uku."

"A'a, Baba. Ka taɓa zuwa ka dawo ba shi."

Ya karɓi maganar bai musa ba. Ya share fuska da hular da ya cire.

"Hajja fa?" ya tambaya a hankali. "Wa zai gaya mata? Kin san hawan jininta. Ni ba zan iya haɗa ido da ita ba."

"Ni ma ban san ta inda zan fara ba," in ji Rahmat. "Ko a kira Anti Dorothy ta asibiti ta zauna kusa tukuna, in an..."

"Ba sai kun kira kowa ba."

Su ukun suka juya.

Hajja ce tsaye a ƙofar da ke shiga cikin gida, ta yafa lafaya, hannunta ɗaya riƙe da ludayin da take juya turare. Ba wanda ya san tun yaushe take wurin. Fuskarta kamar kullum, ba alamar kuka, ba alamar firgita.

"Hajja," in ji Rahmat, ta nufe ta. "Zo ki zauna, akwai maganar da..."

"Na ji. Zauren nan ba shi da ƙofa." Ta dubi Dzarma. "Sannu da zuwa, Baban Othniel. A ina ka ce an gan shi?"

Dzarma ya miƙe da ƙyar.

"A Adire, Hajja. Bakin iyakar Chadi."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ya matso ke nan. Da a Nyala yake."

Daga titi ana jin mai keke yana kiran masu zuwa kasuwa, Monday Market, Monday Market.

Mikail ne ya fara samun bakin magana.

"Hajja... wa ya ce miki yana Nyala?"

"Shi."

"Shi wa?"

"Yayanka. Wasiƙa ya aiko mini ta hannun wani mai fataucin ƙaro, shekarar da Rahmat ta shiga aji uku. Ya ce an sake shi, yana aikin gyaran famfo a Nyala. Ya ba ni labarin jakin, da makullin, da komai. Ya ce in na amince zai kamo hanya kafin damina."

Rahmat ta lissafa shekarun a ranta.

"Shekara ashirin da huɗu ke nan, Hajja."

"Da wata biyar."

"Kin san yana raye? Kina kallona ina yi masa sadaka?"

"Sadaka ba ta ɓaci. Mai rai ma yana bukata."

"Kika ba shi amsa?"

"Na ba shi. A ranar na sa aka rubuta, mai ƙaron ya koma da ita."

"Kika ce masa me?"

Hajja ta dubi 'yarta, ta dubi Mikail da ke durƙushe a kan darduma, ta gyara lafayarta a kafaɗa.

"Na ce ya zauna inda yake, kada ya sake ya tako garin nan."